Ranar da Muka Jira Fitsarin Hammadu

Na manta ranaku da yawa a aikin jinya, amma har gobe ba zan manta da ranar da na bar marar lafiya kwance, rai a hannun Allah, na ja surukinsa muka tafi rumfar mahauta kallon ƙodar rago ba. Duk lokacin da na ga ɗayanku, ku masu koyon aiki, ya ɗauki kwalbar fitsari da yatsu biyu yana yatsina fuska kamar an ba shi mushe, sai wannan rana ta faɗo mini. Shi ya sa yau zan ba ku labarin tun daga tushe.

A lokacin ni ne majo na wata ƙaramar likita a wani ƙauye da ke wajen Karofane, cikin gundumar Buza. Ga wanda bai san tsarinmu ba, likita a bakinmu ita ce gidan da ake duba marasa lafiya, majo kuwa shi ne ma'aikacin jinyar da ke shugabancinta. Babu lokotoro, wato dokta, a wurin. Ni ne mai dubawa, ni ne mai rubuta magani, ni ne kuma mai shan faɗa idan abu ya lalace. Ina da mataimaki guda, Isufu, mutumin Deule, dogo marar yawan magana, wanda ban ga mai iya samun jijiya irinsa ba. Abin da ya fi ƙarfinmu sai mu kira babban lokotoro na Buza ta salula, ya ba mu umarni ko ya turo mota. Tsakaninmu da hanyar Buza akwai ƙorama. Da rani yashi ne zalla, jakuna na birgima a ciki. Da damina kuwa in ta kawo, ba mota ba amalanke, sai dai mutum ya tsaya a gaɓa ya yi kallo.

Cikin watan Agusta ne, gero ya fara fitar da kai. An kwana biyu ana ruwa a kan duwatsu, ƙorama ta cika ta batse. Da hantsi sai ga amalanken shanu ya shigo, an shimfiɗe mutum a kai an lulluɓe shi da bargo. Sunansa Hammadu, Bafillace ne daga wata ruga da ke bayan gari, cikin waɗanda suke noma suna kiwo. Gudawa da amai ne suka kama shi, kuma kamar yadda kuka san mutanenmu, sai da aka gama jiƙe-jiƙen gida kafin a tuna da mu. Idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun tsage. Na tsunkuli fatar cikinsa na saki, ta tsaya cak ba ta koma ba. Tansiyonsa kuwa, wato ƙarfin bugun jininsa, da ƙyar na ji shi.

Mutum biyu suka rako shi. Akwai matarsa Dija, da mahaifinta, wani tsoho siriri mai malafa da sanda, ana ce masa Ja'e. Uban Hammadu ya yi arewa da garke tun farkon damina, don haka surukin ne ya ɗauki nauyin kawo shi. Muna shigar da marar lafiya ɗaki, tsohon ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa daga waje, ya ajiye buta, ya juya wa ɗakin baya ya zauna yana jan tasbaha.

Isufu ya sami jijiya, muka rataya serom, wato ruwan da ake ƙara wa mutum ta hannu. Zuwa yamma tansiyo ya ɗan tashi, amai ya tsaya, Hammadu ya buɗe ido. Wanda bai san aiki ba zai ce an gama. Ni kuwa hankalina na kan kwalbar da muka ajiye a gefen gado, wadda ta wuni a bushe. Na tambaye shi yaushe rabonsa da fitsari, ya kawar da kai. Da na matsa, ya ce cikin raɗa tun jiya da safe. Na danna mararsa, babu komai a ciki. Ke nan ba riƙewa yake ba, ƙodarsa ce ta tsayar da aiki.

Ku riƙe wannan da kyau. Idan ruwan jiki ya ƙare, ƙoda takan rufe don ta adana ɗan abin da ya rage. In aka mayar da ruwa da wuri, sai ta buɗe ta ci gaba. In aka makara, tana iya lalacewa, dattin jini ya taru ya kashe mutum ko da gudawar ta warke. Wankin ƙoda kuwa a lokacin Yamai muka sani, kuma ina Hammadu ina Yamai. Maganinsa ruwa ne, da yawa, ba tsayawa.

A nan matsalar take. Serom ɗinmu ya kusa ƙarewa, domin damina lokacin zazzaɓi ce da gudawa, ga hanya ta yanke ba a kawo mana sabo ba. Robar da ake zurawa ta hanci a ba mutum ruwa, wadda muke da ita ta yara ce. Saura baki. Muka haɗa ruwan gishiri da sukari cikin bido, wato jarka, na miƙa masa moɗa. Ya dubi moɗar kamar zai cinye ta, sannan ya rufe baki gam ya juya fuska bango. Na lallashe shi, na yi masa faɗa, na kawo masa hadisi a kan neman magani. Isufu ya gwada da ɗan Fillancin da ya iya. Ko ɗigo bai shiga ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa ganin mai ƙishirwa irin wannan ya ƙi ruwa ba.

Washegari da safe kwalba na nan yadda take, mu kuma muka rataya serom na kusa da na ƙarshe. Na hau tudun da ke bayan likita, nan ne kawai ake samun rezo, wato sabis ɗin salula, na kira lokotoro. Ya yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, na amsa. Ya ce in rage gudun serom, in yi duk dabarar da zan yi ya sha. In la'asar ta yi bai yi fitsari ba, mu ɗauko shi ko ta halin ƙaƙa, zai turo mota ta jira a ɗaya gaɓar. Na ce to. Ƙetare wannan ƙorama yana nufin samari su ɗauki gado a ka, ruwa iya ƙirji yana fizgar ƙafa, da mutumin da ko zama ba ya iyawa.

Ina saukowa daga tudu sai na ga Dija tsaye a bayan ɗaki inda take shanya. Tun zuwansu ban ji muryarta ba. Ta bari na zo daf da ita, ta sunkuyar da kai tana murza gefen zane.

Ta ce, "Majo, ba ƙi na yay yi ba. Ba shi shan ruwa Baba na nan."

Na ce ai Baba yana waje, kuma ya ba da baya.

Ta ce, "Shina ganin malahwa tai daga gado."

Ni Ba'adare ne, a Keita aka haife ni, na san kunyar suruki, mu ma muna yi. Na kuma san ta Fulani ta fi tamu nauyi: mutum ba ya ci, ba ya sha, balle ya zaga bayan gida inda uban matarsa zai sani. Amma ban taɓa zaton za ta bi mutum har bakin kabari ba. Na tambaye ta, shi Baba bai san haka ba ne? Ta ce ya sani sarai. Ya ga ruwa na shiga ta hannu, sai ya ɗauka ba a bukatar na baki. Kuma ba zai tashi ba, domin idan yaron ya mutu a hannun baƙi, babu babba kusa, da wane ido zai dubi ubansa in ya dawo daga arewa?

Wallahi sai na ji wani irin daɗi ya kama ni, har na kusa yin dariya. Tun jiya nake tsoron wata cuta ce a maƙogwaro ko a kai wadda ban gano ba, ashe malafa ce. Amma murnar ba ta daɗe ba, don tayar da wannan tsoho daga ƙofa shi ma aiki ne. In na ce masa tashi, zai ji an kore shi gaban 'yarsa, kuma na sha ganin wanda aka yi wa haka ya ɗora marar lafiyarsa a amalanke ya koma gida. In na faɗa masa dalili kai tsaye, na ambaci shan surukinsa da fitsarinsa a gabansa ke nan, abin da ba a yi.

Allah ya taimake ni ranar kasuwar garin ce. Na kira Isufu gefe na ce ya riƙe bido da moɗa, da zarar mun fita ya fara aiki. Na je na durƙusa gaban tsohon na gaishe shi da kyau, na tambayi shanu da iyali. Sannan na ce akwai abin da nake so in nuna masa game da ciwon nan, shi da ya san cikin dabba fiye da ni, amma sai mun taka zuwa rumfar mahauta. Ya dube ni ya dubi ƙofa. Na ce Isufu na nan, ba za mu daɗe ba. Ya ɗauki sandarsa ya biyo ni.

Mahaucin garin, Nomau, abokina ne, kuma bakinsa ba ya hutawa. Yana ganin mu ya ce yau kuma majo ya kawo Bafillace ya ga inda ragunansa suke ƙarewa. Ja'e ya ce shi dai bai taɓa sayar wa mai wuƙa irin wannan ko akuya ba. Aka yi dariya. Na roƙi ƙodar rago guda da aron wuƙa, na zaɓi wadda ba a datse mata jijiyoyi ba. Na ce wa tsohon ta ɗan Adam ma kusan haka take, sai dai ta fi girma, guda biyu ne a baya, ƙasan haƙarƙari. Ya gyaɗa kai ya ce ta saniya ce mai ƙulli-ƙulli, ta rago sumul take.

Na tsaga ta biyu a kan faifan Nomau. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, don wannan darasi ne da nake so tun ina makaranta. Na nuna masa jijiyar da jini ke shigowa, na ce duk ruwan da mutum ya sha hanji ne ke tsotse shi ya zuba cikin jini, zuciya kuma ta turo jinin nan ba dare ba rana. Na nuna masa jan naman da ke gefe, na ce cike yake da 'yan rariya ƙanana da ido ba ya gani. Su ne ke tace jini: ruwa da gishiri da datti su wuce, jinin kansa ya tsaya. Bayan kowace rariya akwai ɗan siririn bututu, shi kuma aikinsa ya mayar wa jiki kusan duk ruwan da abin amfanin da ke ciki, ya bar ɗan kaɗan ya tafi da datti. Na sa tsinin wuƙa a farin kwarmin da ke tsakiya, na ce nan ragowar ke taruwa, ta bi wannan farar igiya ta sauka mafitsara. Ban ankara ba mutane sun kewaye mu, har mai tallar goro ta sauke farantinta.

Tsohon ya sunkuya yana kallo da gaske. Ya tambaya, in jinin ya yi kaɗan fa? Na ce rariyar ba ta samun abin tacewa, sai ta tsaya, in ta daɗe a tsaye ta toshe. Ya ce haka ne, dabbar da ta kwana biyu ba ta je rijiya ba, ko ta tsaya yi ɗan kaɗan ne, ja wur. Sannan ya rage murya yadda mutanen ba za su ji ba, ya tambayi ruwan da muke ratayawa, ba ya isa? Na ce yana da amfani, amma saura guda ɗaya tak, kuma ƙorama ta hana a kawo wani. Abin da ya rage sai ta baki.

Ya miƙe tsaye, muka fito daga cikin jama'a, muka kama hanyar likita. Sai da muka bar hayaniyar kasuwa ya tsaya ya dogara da sandarsa.

Ya ce, "Majo, ba ƙoda ta ka kawo ni gani ba."

Na ce, "Baba, ƙoda ta. Amma ba ita ɗai ba."

Ya ce, "Ni na. Ni at tsaye bakin rijiya."

Na ji tausayinsa har cikin raina, domin fuskarsa ta yi kamar an mare shi. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce in je in naɗe buzunsa da butarsa daga ƙofa, in yi yadda yaron zai gani, in ce masa tsohon ya kama hanyar ruga. Ya ce shi ba ya ƙarya kuma ba zai sa ni ƙarya ba, don haka zai kama hanyar da gaske. Likitarmu ita ce ginin ƙarshe a gari, hanyar ruga ta bi ta bayan dangarmu. Ya bi ta, ya wuce danga kaɗan, ya sami wani gawo ya zauna a gindinsa. Kun san gawo da damina ba shi da ganye, rana ta dake shi, amma nan ya zaɓa.

Da na shiga ɗaki Isufu ya ce Hammadu ya kurɓa sau biyu, amma kowace kurɓa sai ya leƙa ƙofa. Na je na naɗe buzun a hankali, na kaɗe shi ma don a ji, na ɗauki buta, na ce Baba ya kama hanyar ruga. Hammadu ya bi ni da ido har na fita da kayan na dawo. Sai ya miƙo hannu biyu. Jama'a, ban taɓa ganin sha irin wannan ba. Da Isufu bai riƙe gindin moɗar ba, da ya shanye bidon a zama ɗaya ya amayar mana. Muka koma lallashinsa ta ɗaya gefen, kaɗan-kaɗan, a huta, a ƙara. Isufu da ba ya magana ya dinga ce masa sannu, sannu, yana murmushi har kunne.

Azahar ta yi, ta wuce. Serom na ƙarshe yana ɗiga. Tansiyo ya daidaita, harshensa ya jiƙe, har ya tambayi Dija ko an kai maruƙa kiwo. Kwalba dai shiru. Mai gari ya riga ya turo samari da igiyoyi da gadon kara, suna zaune a inuwar shago suna jiran umarnina. Na fita na duba rana, na dawo na danna mara, na sake fita. Can na danna sai ya ɗan yamutsa fuska, na ji wani abu ya taso ƙarƙashin hannuna. Ya dube ni, ya dubi Dija, ya dubi Isufu. Na gane. Na ce kowa ya fita, na miƙa masa kwalba, na jawo ƙofa.

Ku yi tunanin manyan mutane biyu, da fararen riguna, sun manna kunne a jikin ƙofa. Haka muka yi ni da Isufu, ko numfashi ba ma so mu yi. Shiru. Sai muka ji ɗis, ɗis, sannan ƙarar ta miƙe. Isufu ya damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Ni kuwa na ji kamar an yi mini albishir da ɗa namiji.

Da ya kira muka shiga. Bai kai rabin kwalba ba, launinsa kamar shayin farko, amma a idona ya fi zinariya. Ka'idar aiki ita ce a duba yawansa da launinsa a haske, don haka na fito da shi tsakar gida na ɗaga wa rana. Samarin suka miƙe suna tambaya, na ce su naɗe igiyoyinsu, babu mai shiga ruwa yau. Suka kwashe da dariya da hamdala. Daga nan ban san yadda aka yi ba, ƙafafuna suka ɗauke ni. Na zaga danga da sauri, kwalba a sama, ina washe baki, sai ga ni tsaye gaban Ja'e. A nan ne na tuna ko wane ne shi, da kuma abin da ke hannuna.

Tsohon ya dubi kwalbar. Ya daɗe yana dubanta, bai kawar da kai ba. Sannan ya jawo malafarsa ya rufe fuska, na ga kafaɗunsa suna girgiza. Daga ƙarƙashin malafar na ji muryarsa.

Ya ce, "Na gani, majo. Allah shi yi maka albarka. Kak ka hwaɗa mai na gani."

Ban faɗa ba. Na hau tudu na kira lokotoro, ya ce mota ta koma, mu ci gaba da ba shi ruwa muna aunawa. Fitsarin ya ƙaru, ya yi ta washewa har ya koma fari. Kwanakin da Hammadu ya ƙara yi a wurinmu, tsohon bai sake taka ƙofar likita ba. A gindin gawon nan ya zauna, in hadari ya taso ya fake a zauren wani manomi, Dija na kai masa fura a ɓoye. Ranar sallama ya riga su tafiya, don su same shi a ruga.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku tafi da shi. Yadda ƙoda ke aiki ɗaya ne a Madawa da Yamai da ko'ina, littafi zai koya muku. Amma ruwan da zai kai gare ta sai ya bi ta bakin mutum, mutum kuwa yana da waɗanda yake jin nauyinsu fiye da yadda yake tsoron mutuwa. In kun gama auna tansiyo, ku ɗaga kai ku ga wa ke zaune a ƙofa. Wani lokaci wanda ya fi kowa son marar lafiyar shi ne ya kamata ya tashi, kuma aikinku ne ku samo masa hanyar tashi da mutuncinsa.